Ranar da Goggo Kubura Ta Ce Ba Ta Sani Ba

Shekara arba'in Goggo Kubura ta Tafashiya, yayar mahaifina, tana shimfiɗa buhunta a kasuwar Kankiya, saiwoyi gefe, sassaƙe gefe, kuma ba wanda ya taɓa jin ta ce "ban sani ba". Ko tsinken tsintsiya ka miƙa mata, sai ta shinshina ta ce kakarta ta yi magani da shi. Ɗabi'a ɗaya ta rufa mata asiri: ba ta ba mutum magani sai ta fara sha a gabansa.

Da daminar bara jikarta Kamila, mai karatun haɗa magunguna, ta zo hutu da ƙullin babunaj, wasu busassun furanni ƙanana, farare, tsakiyarsu rawaya. Ta ce a ƙasashen sanyi yake fitowa, yana yaɗo a ƙasa, ganyensa siri-siri, in an taka shi sai ƙamshin tuffa ya tashi. Ana jiƙa furen a ruwan zafi a sha don kumburin ciki da samun natsuwa. In kuwa aka tatsi mansa, shuɗi-shuɗi yake fitowa.

"Hwarin hure ya ba da mai shuɗi? Boko ta gama da ke," in ji Goggo. Ta juya furen a tafin hannu. "Wanga ai ga shi nan bakin gonarmu, awaki na ci."

Tsautsayi, Goggo ta faɗi haka ne a gaban maƙwabciyarta Hawwa, wadda ta yi mako ciki na kumbura mata. Hawwa ta ce, "To Goggo, a taimake ni mana." Kamila ta miƙa nata ƙullin, Goggo ta ture, wai ita ɗanye take aiki da shi. Ta ɗauki mayafi ta nufi gona, ta dawo da damin wata ciyawa mai farin fure. Kama dai akwai, amma kama da wane ba ta wane.

Ta dafa. Maimakon tuffa, tsakar gida ya ɗauki warin jiƙaƙƙen bunsuru. Matan unguwa suka taru kallo, ni ma na gyara zama, don wallahi na daɗe ina jiran wannan rana. Goggo ta kurɓa, fuskarta ta tattare. Ta sake kurɓa don kada a ce. Kamila ta sunkuyar da kai.

Hawwa ta miƙo hannu biyu. Goggo ta tsaya da ƙoƙo a hannu. In ta ba ta, sunanta na shekara arba'in ya tsira, cikin Hawwa kuwa sai yadda Allah ya yi. Nan dariyata ta koma ciki, tausayinta ya kama ni.

Ta sheƙar da ruwan a ƙasa.

"Ban san huren nan ba," ta ce, a gaban kowa. "Kamila, kawo naki."

Shi ma sai da ta fara sha kafin ta ba Hawwa. Sauran yinin kuwa Goggo da buta suka ƙare shi, tana tafe tana tsine wa awaki da ba su gaya mata gaskiya ba.

Yanzu akwai ƙullin babunaj a gefen buhunta ranar kasuwa. Ka tambaye ta ko kakarta ta yi magani da shi, sai ta harare ka.

"Kakata ba ta san shi ba. Jikata ta san shi."