Batu na Bakwai

Shekara biyu na yi ina akawun majalisar kansiloli a wata ƙaramar hukuma ta masarautar Daura. Ni ke riƙe da rajistar halartar zama, ni kuma ke jera batutuwan da za a tattauna.

Cikin kansilolin akwai wani dattijo daga mazaɓar da ke bakin iyakar Nijar, shugaban kwamitin ruwa da tsafta. Duk Talata, ranar zamanmu, da hantsi babur ɗinsa ne na farko a gindin darbejiya. Buƙatarsa ɗaya ce: a gyara rijiyar ƙauyensu da bakinta ya rufta, har mata suka koma ɗibar ruwa a tafkin da shanu ke sha.

Mu kuwa zamanmu bai cika wuce azahar ba. Da an tashi salla, wannan ya wuce gaisuwar mutuwa, wancan ya nufi kasuwa, waɗanda suka dawo ba su isa a zartar da komai ba. Batun rijiya kullum yana can ƙasa, na shida ko na bakwai, domin sauran shugabannin kwamiti sukan leƙo ofishina tun Litinin su ce a sa nasu a sama. Shi bai taɓa leƙowa ba.

"Baba, yau ma rijiyar ce?" in ji wani matashin kansila. "Ka auro mana ita kawai mu huta."

"Da za ta yarda, ai da tuni," in ji dattijon, aka yi dariya.

A zaman ƙarshe kafin wa'adinsu ya cika, na mayar da batunsa na ɗaya ban shawarci kowa ba. Aka buɗe taro da addu'a, kujerarsa babu kowa. Yayarsa ce ta rasu da asuba, yana can wajen jana'iza. Ƙa'ida kuwa mai ƙudiri shi ke gabatar da abinsa, sai shugaban majalisa ya ce a wuce. Na rubuta a gaban sunansa: bai halarta ba.

Ranar uku na je yi masa gaisuwa. Bayan an shafa fatiha ya matso kusa da ni a kan tabarma.

"Malam akawu, an kai ga namu kuwa?"

Na ce, "Ba a kai ba, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ban iya gaya masa inda na sa batun nasa a ranar ba.