Ɗurar da Ma'u ta yi wa 'yar tsana

Na dawo daga kasuwar Illela na iske Ma'u, ɗiyata mai shekara ukku, ta danne 'yar tsanarta, ta toshe mata hanci, tana ɗura mata ƙasa da ludayi.

"Shanye, ko in kira Baba!"

To, ni ne Baban. Na fashe da dariya, amma uwarta ko murmushi.

Na ce, "Mi ya faru kuma?"

Ta ce, "Malam, kai ka ce kada a ga ɗiyarka da rama. Kullum ni ke danne ta tana kuka. Yanzu ko ɗaukarta na zo yi, sai ta rufe baki ta ruga."

Ni da na gudu daga aji huɗu, wai na naɗa kaina likita, da kumatu nake auna lafiya.

Ranar muka bar ɗura. Jiya Ma'u ta hau cinyar uwarta da kanta, ta ce, "Inna, kunu." Baiwar Allah ta kau da kai kada in ga hawayenta.

Alhamdu lillahi. Kumatu sun ɗan sauka, amma ɗiya ta koma ga uwarta.

Iyaye, in kun leƙa wasan yaranku, wa kuke gani?