Tutar da Na Ɗaga wa Ƙasar da Ba Tawa Ba

A gurup ɗin ɗaliban Nijar na Lyon ba wanda ya kai ni saurin yatsa. Kafin wani ya gama rubuta sallama na zuba sitika uku da odiyo ɗaya. Kowa ya san ni da raha. Amma gurup ai cikin talho yake. In na kife shi, ni kaɗai ne a ɗaki, can saman wani dogon bene a Rillieux-la-Pape, da kujera ɗaya, da tukunyar shinkafa da nake bi har ta ƙare. Sauran suna cikin gari, kowa da aikinsa da mutanensa, ni kuma bas da metiro ne tsakanina da su.

Lokacin na shekara biyu ban je Damagaram ba. Tun da aka yi juyin mulki a gida hanya ta toshe. Takardar zamana tana wajen sabuntawa, in na fita kuma ba inda zan nemi biza in dawo. Shi ke nan, na zauna.

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka ba ta kama sunana, ba ta kuma taɓa cewa ta yi kewata ba. Talhonta irin mai maɓalli ne, ba ya buɗe hoto. Sai in tura wa maƙwabciyarmu Hajiya, ita ta kai mata. Ni kuwa na ƙware a hoton. Ran Asabar in sauka La Guillotière, in tsaya a layin mahauci ko bakin tiram inda baƙaƙen fata suka taru, in ɗaga talho in washe haƙora. Ƙasa in rubuta: "Ni da mutanena." Wallahi ko sunan mutum ɗaya ban sani ba a cikinsu.

Da aka ce za a yi manyan wasannin duniya a Paris, na shiga ƙuri'ar samun tiken kallo. Abin da ya faɗo mini shi ne ƙwallon tebur, pimpon. Mu ba mu da ɗan wasa ko ɗaya a nan. Amma Hajiya tana da parabol mai kamo tashoshin waje, sai wata dabara ta zo mini: in Inna ta gan ni a tele, ina motsi, ina tsalle, ai ya fi hoto. Abin da nake so ke nan, ba wani abu ba. Ta gan ni da idonta.

A jirgin ƙasa daga Lyon na buɗe jadawali don in ga su wa za su buga. Ɗaya ɓangaren wata babbar ƙasa ce. Ɗayan kuma ƙasar nan ce ta gabashin duniya da ba a shiga ba a fita. Na ce bari in duba tarihinsu, ko na samu abin zolaya na gurup. Yatsana ya yi ta gudu, sai na ga ya rage sauri da kansa. Akwai layin shekarun da suka zo, da lambobinsu a jere, na ɗaga ƙarfe, na kokawa, har zinariya. Sai ka tarar da layi fayau, ba komai, an rubuta ba su zo ba. Sai su sake ɓullowa, su kwashi lambobi, su sake ɓacewa. Wasannin da suka gabata ma ba su je ba. Na koma na buɗe namu. Biyu ne tak, na daɗe da haddace su: tagulla a dambe tun ba a haife ni ba, da azurfa a taekwondo. Sun fi mu nesa ba kusa ba. Amma ba lambobin na tsaya kallo ba, layukan nan marasa komai ne. Na yi ta tunanin wanda ya shekara huɗu yana atisaye, aka ce masa bana ba fita. Ban tura komai a gurup ba.

Na sauka Paris na bi metiro zuwa Château Rouge, wajen wani dattijo tela ɗan Maraɗi da aka yi mini kwatance. Tun a talho na ce ya ɗinka mini tuta. Bayan mun gaisa ya warware ta a kan teburinsa, ruwan goro da fari da kore, da rana a tsakiya.

"To ɗan Damagaram, wa za ka goya wa baya? Yaushe muka fara pimpon?"

"Ba mu fara ba, Baba."

"To tutar ta mece ce? Ko kai za ka shiga fili?"

"Don tsohuwa ta gane ni a tele."

Ya ɗaga tabarau ya dube ni. "Uwarka sai da tuta za ta gane ka? Kai dai ka ce tsoro kake kamera ta wuce ka, ga ka kamar sandar rake." Ya ninke ta, ya ƙara mini da dabino a leda.

Cikin zauren wasan duk magoya bayan babbar ƙasar ne, da ƴaƴansu, da tutocinsu. Ƴan rufaffiyar ƙasar su biyu ne, mace da namiji, da kocinsu a kujera. Ba kowa nasu a cikin ƴan kallo, ko mutum ɗaya. In suka ci, sai tafin kara kaɗan, ya mutu nan take. Yarinyar takan share hannunta a gefen teburi, ba ta ɗaga kai ta dubi jama'a. Ta san ba wanda za ta gani.

Ni dai na zo ne don kamera, kuma na lissafa: in na bi taro na ɓace a cikinsu. Sai na zaɓi marasa kowa. Da suka ci na gaba na miƙe na warware tuta na yi ihu. Mutane suka waiwayo. Wani kusa da ni ya tambaye ni da Faransanci ko na ɓata zaure ne. Na ce a'a, nan ne daidai. Da farko wasa nake. Can kuma na ji muryata ta dushe, ina cewa "ku daure, ku daure" da Hausa. Sau ɗaya yarinyar ta kalli wajena, kamar ƙiftawa, ta mayar da kai. Ko ni ta gani ko agogo, ban sani ba.

Sai talho ya fara rawa a aljihuna. Odiyon Hajiya ne, bayanta hayaniyar mata: "Ga ka nan, ga ka nan, sau biyu ke nan!" Na tambaya da sauri, Inna fa? Ta ce: "Ka san halinta. Ta ƙi shigowa ɗaki, wai tana tsince shinkafa. Amma a bakin ƙofa ta ajiye faranti, daidai inda ake hango tele."

Ƴan rufaffiyar ƙasar suka ci wasan. Na duba ko'ina in ga wanda zan tafa da shi, kowa na tattara jakarsa. Na ɗaura tutar a wuya na fita.

Bayan la'asar, ina jiran jirgin komawa Lyon, Inna ta kira. Muka yi gaisuwa, gajiya, zafi, karatu. Ba ta ce ta gan ni ba. Ta ce:

"Yaran nan biyu masu buga ƙwallo. Ba su da dangi ne?"

"Suna da su, Inna. Ba a barin su fita ne."

"Uhm. Na ga kowa a wurin da wanda yake riƙe wa hannu." Ta bayanta ina jin kukan akuyarmu. "Mai tutar nan ma da ke yi musu ihu, ban ga kowa tare da shi ba. Kuma ya rame."

Na buɗe baki in ce mutanena suna can wani gefe, sai na ji ba zan iya ba.

"Shi kaɗai ya je," na ce.

"Na sani. In ka gan shi, ka ce ya daina turo hoton kasuwa. Ya turo inda yake kwana."

Da na isa Rillieux ban gyara komai ba. Na rataya tutar a jikin taga, na ja baya har na jingina da ƙofa don ɗakin ya shiga duka: katifa, kujera ɗaya, tukunya, faranti ɗaya. Na tura wa Hajiya. Yatsana ya tafi wajen rubutu kamar yadda ya saba, na janye shi.

Washegari da safe odiyo ya shigo. Muryar Inna ce, a talhon Hajiya, karo na farko da ta yarda ta yi magana a ciki. Ta ce in nemi faranti na biyu.