Ƙazafin da Semey Ta Yi wa Mai Zana Ta

Da gari ya waye, ko da ma'aunin sanyi ya nuna talatin ƙasa da sifili, Ulbosin apai (apai, haka muke kiran malama don girmamawa) takan sha shayinta da madara, ta rataya allo a kafaɗa, ta fita. Sai ta nemi kusurwar da iska ba ta cika dukan fuska ba, ta kafa allon, ta cire safar hannun dama. Minti ashirin take da su kafin yatsu su daina jin magana. A cikinsu take zana abin da ke gabanta da fentin ruwa: tsofaffin gidajen katako, hayaƙin da ya miƙe sama ɗoɗar, gadar kogin Irtish, mata masu sayar da daskararren kifi a tsaye cikin bokiti kamar itacen girki. Daga nan ta wuce makaranta ta koyar da zane. Shekara talatin da ɗaya tana haka.

Fentin ruwa dai da ruwa ake yin sa, ruwa kuwa a sanyin garinmu Semey ba ya jimawa bai zama dutse ba. Masu wannan sana'a sun san dabara: a zuba barasa a cikin ruwan, sai ya ƙi daskarewa. Shi ya sa duk Litinin ta lokacin sanyi apai takan shiga kanti ta sayi ƙaramar kwalba. Ba ta taɓa ɓoyewa ba, don ba ta ga abin ɓoyewa ba.

Mu kuwa, mutanen kirki masu ido a taga, sai muka gani.

"Kin ji warin da ke tashi a rigarta?"

"Ke dai bari! Wa zai tsaya bakin kogi a wannan masifa in ba da wuta a cikinsa ba?"

Da kunnena na ji wannan a layin burodi, kuma na yi dariya. Har yau ban yafe wa kaina ba.

Magana ta yi ta yawo har ta kai makaranta. Shugaban bai kira ta ya tambaya ba, sai kawai ya ɗauke mata manyan azuzuwa. A wajen biki aka daina kai ta kujerar manya. Aka daina miƙa mata jariri ta sa masa albarka. Shekara tara ana haka, kuma ba wanda ya taɓa faɗa mata a ido, balle ta sami abin amsawa.

Tolegen aga (aga, haka muke kiran dattijo), mai gyaran takalma da rumfarsa ke bakin gada, shi kaɗai ya tsaya mata. "Ni da nake ganinta kullum?" in ji shi. "Cikin gwangwanin fenti take juye ta tas! Na faɗa har bakina ya gaji, sai suka ce ai ni ne abokin shan nata."

Shi ne kuma shaida a kan abin da ya fi ci mini rai. Lokacin da aka rushe layin gidajen katako na bayan kasuwa, mutane suka waiga ba su da ko hoton gidan da aka haife su. Wajen wa suka nufa? Wajen mashayiyar tasu. Ta buɗe akwati, ta zaro wa kowa gidan ubansa da dusar ƙanƙara a kan rufi, ta ba shi kyauta. Suka yi kuka, suka rataye a bango, suka koma suka ci gaba da gulmarta. Wannan wane irin rashin kunya ne?

Watan jiya ta ajiye aiki. Ba ta nemi furanni ko jawabi ba. Abu ɗaya ta roƙa, a bar ta ta rataye zane-zanenta a zauren makaranta na yini guda. Shugaban ya sosa ƙeya ya ce, "Apai, kin san halin mutane. Iyaye za su zo. A bar maganar nan."

A ranar, da lokacin tashi daga makaranta ya yi, iyaye sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa, sai ga ta ta kafa allo a gabansu, ta ajiye gwangwani biyu. Da shugaban ya fito, ta miƙa masa buroshi.

"Malam, taimake ni. Ga ruwan famfo zalla. Ja mini layi ɗaya."

Ya tsoma, ya ɗaga, ya tsaya yana duban jama'a. Kafin ya kai takarda, gashin buroshin ya ƙage kamar tsinke. Ita kuwa ta tsoma nata a ɗaya gwangwanin, ta ja rufin makarantar sumul.

"Ga inda kwalbata take zuwa," in ji ta. "Da ɗayanku ya tambaya, da tuni an wuce wurin."

Shugaban ya ce, "To, ai ba mu sani ba." Ya koma ciki. Har yau bai ba da zauren ba.

Ulbosin apai, ke ce idon garin nan. Ke ce kika tsaya cikin sanyin da ke kora kare gida, don kada Semey ta manta fuskarta. Yatsunki biyu sun daina lanƙwasuwa, kin ba da su a kanmu, mu kuwa muka saka miki da yanke mutunci. Mun gode, Allah ya saka miki da abin da muka kasa.

Matasan malamai, ku koyi haƙurinta da riƙon sana'arta. Mu kuma da muka yi maganar, kada mu jira ranar da za mu yabe ta a kan kabari. Tana nan da ranta, kunnenta garau. Ni na je ranar Asabar. Ta zuba mini shayi, ta saurare ni har na gama inda-indata, sannan ta ce, "Sha shayinki, ƙanwata. Ke ce ta farko da ta zo."