Falmaran da Alhaji Ya Sa Na Rage

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, makanikin babur ne a unguwar Aboabo ta Tamale, amma shi a ransa ɗan sinuka ne da gyaran babur ya tsare. Sinuka wasan nan ne na tura ƙwallaye rami da sanda a kan tebur. A bayan garejinsa akwai rumfar kwano da tebur guda, kyallensa ya koɗe, an tokare ƙafarsa ɗaya da gutsuren taya. A nan ya yi sarautarsa tun ina yaro har na girma na buɗe shagon ɗinki a bakin layin. Ba mai cin sa a teburin nan sai amininsa Alhaji mai sayar da tayar babur, shi ma sai ranar da Kawu ke mura.

Alhaji Badagombe ne daga Kukuo, ƙato mai tumbi, Kawu kuwa siriri kamar sandar da yake bugu da ita. Ban taɓa jin ɗayansu ya yabi ɗaya ba. Alhaji na cewa Kawu ya auri teburin ne shi ya sa ƙwallo ke masa biyayya, Kawu na cewa tumbin Alhaji ke riga sanda taɓa ƙwallo. Kullum kuma kwano ɗaya suke cin wake da shinkafa.

Abin da ba a faɗa a rumfar shi ne idon Kawu ya fara tafiya. Sai ya duƙa ya daɗe yana ƙifce-ƙifce, in ya kuskure ya ɗora wa ƙwan lantarki laifi. Mu duka mun gani, mun kuma taya shi zagin ƙwan. Burinsa ɗaya ne, ya sha faɗa mini yana kallon wasan ƙwararru a wayata: kafin idon ya rufe, ya buga sau ɗaya a kan babban tebur na gaske, alƙali da farar safar hannu a tsaye, a kira sunansa a lasifika.

Sai ga labari cewa za a yi gasar ƙwararru a wani babban otal a cikin gari. Ba gasar da kowa ke shiga ba ce, gayyata ake yi, manyan 'yan wasa daga Ankara da Kumasi har da na ƙasashen waje. An bar wa Tamale gurbi biyu. Ɗaya sai an fafata a wasan neman gurbi a unguwar Changli, wanda ya yi saura shi ne zai shiga. Ɗayan gurbin alfarma ne, masu gasar ke ba wanda suka ga dama ba tare da ya buga ko ƙwallo ɗaya ba.

Wanda ke shirya gasar, wani saurayi ɗan Ankara mai sauri kamar an biyo shi, ya bi gari yana tambayar tsohon hannu, kowa ya nuna masa garejin Kawu. Ya sauko daga keke mai ƙafa uku da rana tsaka, ya faɗi abin da ya kawo shi da Turanci, na fassara. To mu nan, ko yunwa za ta kashe ka aka miƙo maka tuwo, sai ka ce ka ƙoshi. A sake miƙowa, ka ce a ba yara. Sai an matsa an haɗa ka da Allah sannan ka wanke hannu. Kawu ya gyara hula, ya sunkuyar da kai, ya ce ai shi wane ne, akwai waɗanda suka fi shi, ga ma Alhaji nan zaune. Yana gama faɗa ya tsaya jiran a matsa.

Ɗan Ankara bai san wannan ba. Ya ce madalla, ya juya ya kama hannun Alhaji ya girgiza. Alhaji ya buɗe baki zai yi nasa ƙin, mutumin har ya haye keke. Aka bar Kawu riƙe da sifana.

Da yamma Kawu ya shelanta cewa dama shi ba ya son alfarma, namiji ta ƙofar gaba yake shiga, zai je Changli ya ci gurbinsa da sandarsa. Matarsa ce ta gaya wa mahaifiyata cewa ranar bai taɓa tuwo ba. Na yi dariya a rumfa tare da kowa, amma wallahi ya ba ni tausayi.

Ba a buga irin wannan gasa sai da falmaran da baƙin wando, don haka Alhaji ya zo shagona. Na zagaya shi da tef da ƙyar. Ya leƙa awon ya girgiza kai.

"Wannan riga, ka rage shi. Ka rage shi sosai, zan yi azumi."

Na ce Alhaji, ko watan azumi biyu aka haɗa maka ba za ka shiga abin da kake nunawa da hannu ba. Ya tambaye ni ko ni tela ne ko likita. Na ɗinka yadda ya ce, ina tunanin wahalar da zan sha wajen buɗewa.

Ranar Changli na ɗauki Kawu a babur. Da muka shiga ɗakin muka ga tebur, sai na gane abin da muke kira sinuka a Aboabo ƙaninsa ne. Wannan teburin, mutum zai kwanta a kai da iyalinsa. Ga shi kuma a miƙe yake sak. Teburinmu yana da gangare wajen ramin hagu, duk wanda ya koya a kansa ya saba karkata sanda kaɗan dama. Kawu ya karkata yadda ya saba, ƙwallo ya tafi daidai inda aka aike shi, abin da bai taɓa yi masa ba. Wani ɗalibin jami'a ya fitar da shi a zagayen farko, yana ta ba shi haƙuri. Kawu ya gaya wa duk mai sauraro cewa teburin Changli a karkace yake.

A hanyar komawa, Kawu na bayana, muka wuce kasuwa. Sannan ya ce a hankali, "Ɗana, ƙwallayen can ƙarshe ban gan su ba." Na rage gudu kawai.

Ranar gasa rabin layinmu ya tafi otal raka Alhaji, Kawu ma ya zo wai don ya ga yadda za a kunyata Aboabo. Alhaji na sanye da batakari, rigar saƙi ta Dagombawa, falmaran na cikin leda a hannunsa. A bakin zauren, gaban jama'a, ya juya ya yi abin da ladabi ya ce a yi.

"Kai ne babba a wannan wasa. Kai ya kamata ka buga, ba ni ba."

Kowa ya jira Kawu ya ce shi wane ne. Kawu ya miƙa hannu ya fizge ledar.

"Na gode. Allah ya saka da alheri."

Alhaji ya ɗora hannu a ka, ya cika wurin da ƙorafi, Hausa da Dagbanci, cewa duniya ta lalace, tsofaffi ma sun daina kunya. Na lura ɗan Ankara bai yi mamaki ba ko kaɗan, ya nuna wa Kawu ɗakin sauya kaya kawai. Da Kawu ya fito, falmaran ya zauna masa ɗas, ko maɓalli ɗaya bai ja ba.

An kira sunansa a lasifika. Ƙwararren da aka haɗa su ya yi masa kaca-kaca, ba zan ɓoye ba, Kawu ya fi daɗewa a kujera fiye da bakin tebur. Amma sau ɗaya jan ƙwallo ya tsaya kusa da shi inda yake gani, ya saka shi, ya bi da baƙi. 'Yan Aboabo suka tashi da ihu har alƙali ya ɗaga farar safarsa ya roƙe mu mu zauna. Alhaji ne ya fi kowa ƙara, alhali ko sandarsa bai zo da ita ba ranar.

Yanzu Kawu ya bar bugu, zama yake a rumfa yana gyara wa matasa kuskuren da ba ya gani. Alhaji har gobe yana ba da labarin yadda aka yi masa fashi da rana tsaka don ya yi kara. Da Sallar da ta wuce Kawu ya zo shagona, falmaran a kan kaftani, ya daɗe yana shafa maɓallan, sannan ya tambaye ni wa ya ba ni awonsa. Na ce ba kowa, Alhaji ne ya ce zai yi azumi.

Ya yi dariya har sai da ya goge ido da hularsa. Ya tashi ya lallaba ya tsallaka titi zuwa shagon taya, ina jiyo shi yana gaya wa Alhaji cewa rigar nan ta matse shi a hammata.