Karfasar Maman Ladi

Wata Lahadi ta damina, a shekarar da aka kwaso ofishin su Baba daga Legas zuwa Abuja, na fito falo da tsintsiya a hannu, sai na tarar da Amarya ta maƙale a kusurwar akwatin gilashi, rabin jelarta babu. Amarya kifina ce, ja mai ruwan zinariya, da jela kamar mayafi. Ƙawata ta Agege ce ta ba ni ita ranar da muka yi sallama, na rungumo ta a kwalba tun daga can har Garki. Ina 'yar shekara tara, kuma duk faɗin garin nan Amarya kaɗai na sani.

Garki ta lokacin benaye ne iri ɗaya masu warin sabon fenti, ga jar laka da ke bin takalmi har ƙuryar ɗaki. A bayan benenmu akwai gonar dawa da buldoza ba ta kai gare ta ba tukuna. A makaranta kowa ya riga ya yi ƙawayensa, in ana 'yar gala-gala ni ce mai tsaron takalma. Na kan dawo in yi shara, in ɗebo ruwa idan famfo ya ɗauke, sannan in zauna in ba Amarya labarin duk wanda ya ɓata mini rai.

Mutum ta farko da ta ƙwanƙwasa ƙofarmu ita ce Maman Ladi, wata 'yar Gbagyi daga Paikon Kore da ke kawo doya duk Asabar, ta ɗoro ta a kafaɗa yadda matansu ke yi. A Asabar ɗin da ta gabaci wannan Lahadin ta zo da karfasa mai rai a 'yar tukunya, ta ce ta barka da zuwa ce. Umma ta dubi kifin yana motsi, ta dubi akwatinmu, ta yanke cewa an kawo wa Amarya abokiyar zama. Ko ƙafa Maman Ladi ba ta gama ɗaukewa ba aka juye baƙuwa a ciki.

Karfasa ba ta san kara ba. Ta haƙa rami a yashi da bakinta, ta mai da akwatin gidan ubanta, ta bi Amarya da cizo. Na ce a fitar da ita, Umma ta ƙi. "Matar nan kaɗai ta yi mana sannu da zuwa," in ji ta. "Ta zo ta ga babu kifinta, da wane ido zan dube ta?" Baba ya zare gilashin luba daga tagar kicin ya raba akwatin biyu, yana ta yabon dabararsa. Kafin a yi la'asar karfasa ta tone yashi ta ƙarƙashi ta ƙetara. Muka jera duwatsu da fasasshen kasko don Amarya ta samu maɓoya, ta ƙwace su ma. Amarya ta daina cin abinci, ni ma haka, na kuma tsani Maman Ladi har cikin raina.

Da Asabar ta zagayo ta zo tare da 'yarta Ladi, sa'ata. Maman Ladi tana hango karfasa a gilashi ta sauke doya ta zauna a ƙasa don dariya. "Hajiya, wannan ai na miya ne," ta ce wa Umma. "Na kawo shi da rai ne don kar ya lalace a mota." Umma ta rufe fuska da gyale. Ladi ta tsoma hannu ta cafke kifin da ya gagari gidanmu, Umma kuma ta nufi wuƙa. Har yau ban san abin da ya sa na tare ta ba, amma na tare. Muka saki karfasa a tsohon baho a bayan gida, Ladi ta nuna mini yadda ake watsa mata dusa. Daga nan duk Asabar sai ta biyo uwarta, wai ta zo duba kifinta, mu ɓace a gonar dawa har a yi ta kiranmu. Jelar Amarya ta sake tsirowa, a ɗan karkace, ta koma yawonta.

Yanzu kwalta ta shafe gonar, ƙofofin benen duk sun zama na ƙarfe, ba na jin wani zai ƙwanƙwasa wa baƙo da tukunya a hannu. Amarya ta daɗe da mutuwa. Amma in wayata ta yi ƙara na ji an ce, "Ina miyar da kika hana mu?" na san Ladi ce. Kyautar ba a tukunyar take ba, Ladi ce da ta shigo a bayan uwarta.