Mai Ƙwai Ta Ƙi Sa Hannu

A ma'aikatar haɗa rigakafin dabbobi da ke ƙarshen titin masana'antu, ba kowa ne ya san sunanta na yanka ba. Amma in ka ce Mai Ƙwai kake nema, tun daga bakin ƙofa maigadi zai nuna maka doguwar baranda, ya ce ka bi ta har ƙarshe, ɗakin da ke da baƙin labule.

Ba da ƙwai ta fara ba. Da wankin kwalabe aka ɗauke ta, tana 'yar shekara ashirin da biyu, daga ita sai takardar sakandare da goyon fari. Shekara uku tana tsaye a gaban famfo, ta wanke, ta ɗauraye sau bakwai, ta jera a tukunyar turara kayan aiki. A lokacin wani dattijon likitan dabbobi ne ke riƙe da sashen gwaji, mutum mai ƙarancin magana, wanda kowa ke kira Likita kawai. Wata rana ya tsaya a bayanta, ya ga ta ɗaga wata 'yar kwalba sama ta duba, ta mayar da ita cikin ruwa.

"Me ta yi miki?" ya tambaya.

"Ruwan bai sauka sumul ba, Likita. Akwai sauran maiƙo."

Washegari ya aiko aka ba ta farar rigar masu aikin gwaji.

Shi ya koya mata aikin da ta yi shekara ashirin da shida tana yi. Rigakafin annobar kaji da suke haɗawa ƙwayar cutar ce da kanta, mai rai, amma an karya lagonta. Ana busar da ita a inji mai tsananin sanyi har ta zama ɗan farin dunƙule a gindin kwalba. Ido ba ya gane ko ƙwayar na da rai ko ta mutu, sai an gwada. Sai ta narka dunƙulen, ta ɗebi kashi ɗaya ta zuba a kashi tara na ruwan gishiri, daga wannan ta sake ɗibar kashi ɗaya zuwa kwalba ta gaba, haka har kwalba goma, kowace ta fi ta baya tsarma sau goma. Sannan ta ɗauko ƙwai masu ɗan tsako na kwana goma, ta haska kowanne da fitila a bayan baƙin labule, ta ja layi da fensir, ta huda, ta yi masa allura, ta toshe ramin da kakin kyandir. Ƙwai biyar ga kowace kwalba. Bayan kwana biyar a injin ɗumi sai ta fasa kan kowanne, ta ɗebi ruwan ciki, ta haɗa da ɗigon jinin kaza a kan farin faranti. In jinin ya tsinke ya yi yashi-yashi, ƙwayar ta kama. Iya nisan kwalbar da ƙwayar ta kai tana kamawa, iya ƙarfin rigakafin ke nan.

Likita ya tura ta makarantar Asabar da Lahadi har ta samu takardar shaidar aikin gwaji. Lissafin ne ya fi ba ta wuya, ta yi kuka a kansa ba sau ɗaya ba, amma ta ci jarrabawar.

A gida kuwa aikin ya zama abin tsokana. Mijinta tela ne, mai barkwanci, kuma ya samu abin yi.

"Ku duba min ikon Allah," yakan ce wa abokansa a shago. "Matata na taɓa ƙwai ɗari uku a rana, ni ko ɗaya sai na roƙa."

Dokar ma'aikata ta hana ta kiwon kaji, don kada ta kwaso cuta daga gida ta kai wa ƙwan gwaji. Da surukarta ta kawo mata kaza mai 'ya'ya kyauta, sai da ta durƙusa ta ba da haƙuri. Tsohuwar ta yi wata guda tana faɗa wa dangi cewa matar ɗanta ta yi ilimin da ya fi ƙarfin kaza.

Abin da ya sa ake ba da labarinta ya faru ne shekara biyu bayan Likita ya yi ritaya, ita ke riƙe da sashen. Annoba ta ɓarke a gonakin kaji, masu kiwo suna ta zarya a bakin ƙofa. An gama rukuni na sha huɗu, kwalabe dubu arba'in, an jera su a ɗakin sanyi, sa hannunta kawai ake jira.

Ran da ta karanta farantin, sai ta ga abin bai yi daidai ba. Rigakafin da ya kamata ya kai kwalba ta tara yana kamawa, a ta bakwai ya tsaya. Ta duba na ma'auni, wato tsohon rigakafin da aka san ƙarfinsa wanda take gwadawa gefe da gefe a kowane lokaci. Shi ya kai inda ya saba. Ke nan ba hannunta ba ne, ba kuma ƙwan ba.

Ta ɗauki takardar ta tafi ofishin Manaja. Sabon zuwa ne, ba mugu ba ne, amma waya uku ke gabansa kuma duk suna ƙara.

"Malama, motoci na waje," ya ce. "Kaji na mutuwa. Mai rauni ai ya fi babu."

"Ranka ya daɗe, bai fi ba. Wanda bai samu ba zai kulle gonarsa ya yi hattara. Wanda muka ba wannan zai saki jiki, ya ɗauka ya yi rigakafi."

"Ba za a ce ke kika yi kuskure ba? Ke ma mutum ce."

"Za a iya cewa. A ba ni kwana biyar in sake, da sababbin ƙwai. A sa wani ya yi nasa a ɗaya teburin, kada ya ga nawa."

"In na ce ki sa hannu yanzu fa?"

Ta ajiye biro a kan teburinsa a hankali.

"Sai dai ka sa naka, ranka ya daɗe."

Daga ƙarshe ya ce ta je, kwana biyar, ba ƙari.

Kwanakin nan ba su yi mata daɗi ba. Masu ɗaukar kaya suka daina gaishe ta. Wani mai gona ya tare ta a bakin titi, bai san ita ce ba, yana tsine wa duk wanda ya riƙe maganin. Ta ce masa Allah ya kawo sauƙi, ta wuce. Da ta isa gida ta kasa cin abinci. Telan ya ajiye wasa gefe ya zauna kusa da ita.

"Kin tabbata da abin da kika gani?"

"Na tabbata, Baban yara. Amma in sun kore ni fa?"

"Sai ki zo shago ki riƙa sa min zare a allura. Idona ya fara gajiya, naki kuwa har cikin ƙwai yake gani."

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba, ta jawo kwanon abincin.

Ba ta zauna jira kawai ba. Ta shiga ɗakin sanyi ta ɗebo kwalabe ashirin ta jera a taga. A cikin goma sha ɗaya dunƙulen ya ɗan tsuke, ya bar jikin kwalba, launinsa ya ja zuwa ruwan ƙasa. Alamar danshi ke nan, kuma danshi na kashe ƙwayar. Ta kai wa makanikin ma'aikata. Ya kwance ƙofar injin busarwa, ya samu robar da ke kewaye da ita ta tsage, tsaguwar da ba ta kai tsawon farce ba, iska na shiga ta nan.

Ran kwana biyar aka karanta faranti biyu a gaban Manaja, nata da na abokin aikinta. Duka a kwalba ta bakwai suka tsaya. Manaja ya cire tabarau ya murza ido.

"A ƙone kwalaben duka," ya ce. Sannan ya juyo gare ta. "Malama, na yi miki magana da zafi ran nan. Ki yafe ni."

"Ba komai, ranka ya daɗe. Kai ma kajin kake ji."

Ta tsaya a bakin murhun ƙona shara har kwalba ta ƙarshe ta shiga, don sai ta shaida da idonta za ta rubuta. An canja roba, aka haɗa rukuni na sha biyar, ya kai kwalba ta tara cif. Ta sa hannu da safe, kafin azahar motoci sun fita. Wasu gonakin sun yi asara a makonnin jiran, kuma ba ta taɓa ɓoye wannan ba in ana maganar. Amma gonakin da aka kai wa na sha biyar, kajinsu sun tsaya.

Daga baya Manaja ya roƙe ta ta rubuta yadda take aikin, mataki-mataki, don ya zama ƙa'idar sashen. Mako uku ta yi tana rubutu tana gogewa. Yanzu masu digiri ne ke zuwa koyo a wurinta, wasu ma sun girme ta a takarda nesa ba kusa ba. Takan ba kowa ƙwai talatin marasa amfani da ruwa zalla a sirinji, ta ce ya yi ta hudawa. Sai ran da ya gama talatin bai fasa ko ɗaya ba take barinsa ya taɓa na gaske.